Ciwon Ƙirji Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Leƙa Facebook ɗinka ko status ɗin mutanen da ke wayarka. Da wuya ka cinye mako guda ba ka ci karo da irin sanarwar nan ba: "Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa daren jiya bayan gajeriyar rashin lafiya." Ga hoton mutum ɗan shekara hamsin da ɗoriya, da jikinsa da kuzarinsa. Idan ka je zaman makoki kuma za ka ji cikon labarin daga bakin iyalai, kusan iri ɗaya a ko'ina: lafiyarsa ƙalau, da shi aka yi sallar isha'i, ya dai ce ƙirjinsa ya riƙe masa, aka aiki yaro kemis ya sayo maganin olsa, ya sha ya kwanta, aka ce da safe a je asibiti.

Ba kowace irin wannan mutuwa ce zuciya ke jawowa ba, amma da yawa daga ciki ita ce. Abin da nake so mu tattauna yau shi ne awannin nan da ke tsakanin "ƙirjina ya riƙe" da "a bari sai da safe". Ra'ayina shi ne, a mafi yawan gidajenmu babu wanda ya fi dacewa ya hana a ɓata waɗannan awanni kamar kai da ke, matasan gidan. Wayar tana hannunka. Kai ka san lambar mai adaidaita sahun unguwa. Ke ake aika ki ɗauko wa Mama ruwa idan ta ce ba ta jin daɗi. Wanda ake aika kemis shi ne mutum na farko da zai iya cewa a'a, wannan na asibiti ne.

Kalmar ma tana ruɗa mu

A matsayina na mai karanta aikin jarida, abin da ya fara damuna shi ne yadda muke kiran abin. A Hausa idan aka ce wane ya kamu da ciwon zuciya, abin da ke fara zuwa ran mai sauraro shi ne baƙin ciki: an yaudare shi a soyayya, ko an cinye masa dukiya, ko 'ya'ya sun addabe shi. Finafinanmu ma haka suka koya mana. Alhaji zai ji mummunan labari, ya dafe ƙirji, ya sulale ƙasa, likita ya fito ya ce zuciyarsa ce ta buga. Shi kuwa "bugun zuciya" da kafafen yaɗa labarai ke amfani da shi, ai kowa zuciyarsa na bugawa, da ba ta bugawa da ba ka karanta wannan rubutu ba.

Sakamakon wannan ruɗani shi ne mutumin da ba shi da wata damuwa, kasuwa na tafiya, gida lafiya, ba ya taɓa kawo wa ransa cewa nauyin da yake ji a ƙirji daga zuciya ne. Za ka ji ya ce, "Ni me aka yi mini da zan yi ciwon zuciya?" Tashin hankali mai tsanani na iya tayar da ciwon ga wanda jijiyoyinsa suka riga suka lalace, wannan gaskiya ne. Amma ainihin matsalar ta hanyar jini ce, kuma tana iya samun mutum yana tsaka da dariya.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirji

Zuciya tsoka ce mai aikin famfo, tana bugawa kamar sau dubu ɗari a kowace rana. Ita ma tana buƙatar jini don ta rayu, kuma tana samunsa ta wasu ƙananan jijiyoyi da suka kewaye ta. Cikin shekaru, kitse da kolestarol na taruwa a bangon waɗannan jijiyoyi kamar yadda datti ke taruwa a cikin bututun ruwa. Hawan jini, ciwon suga, shan taba da ƙiba duk suna gaggauta wannan taruwa. Wata rana sai wurin da kitsen ya taru ya tsage, jini ya daskare a kansa, gudan jinin ya toshe hanyar. Ɓangaren zuciyar da ke shan jini daga wannan jijiya sai ya rasa iskar oksijin.

Daga nan agogo ya fara aiki. Cikin minti 20 zuwa 30 tsokar wurin za ta fara mutuwa, kuma ɓarnar na ci gaba da faɗaɗa awa bayan awa. Tsokar zuciyar da ta mutu ba ta sake tsirowa, tabo take zama. Shi ya sa wanda aka kai shi asibiti cikin awa ɗaya zai iya komawa sana'arsa, wanda kuwa aka kai washegari, ko ya rayu, zai iya ƙare rayuwarsa da raunanniyar zuciya, yana haki idan ya hau bene, ƙafafu na kumbura. Sannan akwai haɗari na biyu a awannin farko: zuciyar da ta rasa jini kan rikice ta daina harba jini kwatsam. Da yawa daga cikin masu mutuwa da wannan ciwo suna cikawa ne kafin a isa asibiti.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9, kusan kashi 32 cikin ɗari na duk mace-macen duniya a shekarar. Kashi 85 cikin ɗari na waɗannan ta hanyar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne. Fiye da kashi uku cikin huɗu kuwa sun faru ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, irin namu. Don haka batun cewa ciwon masu kuɗi ne ko na Turawa, a ajiye shi gefe.

Alamomin da ya kamata ka haddace

Babbar alama ita ce ciwo ko rashin daɗi a tsakiyar ƙirji ko ɓangaren hagu. Masu shi ba kasafai suke cewa "zafi" ba. Za ka ji sun ce nauyi, kamar an ɗora musu buhu, ko kamar an ɗaure ƙirjin da igiya ana ja, ko matsewa, ko ƙuna. Yakan ɗauki fiye da 'yan mintuna, ko ya lafa ya dawo. Idan ka ce ya nuna maka wurin, sau da yawa tafin hannu ko dunƙule zai ɗora a ƙirji maimakon ya nuna da yatsa ɗaya.

Ciwon kan bazu zuwa hannun hagu, wani lokaci na dama ko duka biyun, zuwa kafaɗa, wuya, muƙamuƙi, tsakanin kafaɗu ta baya, ko saman ciki. Tare da shi akan samu gumi mai sanyi ko da ana sanyi, numfashi sama-sama, tashin zuciya ko amai, jiri, kasala mai tsanani, da wani irin tsoro da mutum ba zai iya fassara shi ba, har ya ce ji yake kamar mutuwa zai yi. Idan ka ji babba ya faɗi haka yana gumi, kada ka ce masa "haba Baba, daina faɗin haka" ka tsaya nan. Jikinsa ne ke ba da rahoto.

Ga inda aka fi yin kuskure. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, wasu ma ba sa jinsa ko kaɗan. Mace za ta iya cewa kawai ta gaji fiye da ƙima, bayanta ko muƙamuƙinta na ciwo, numfashinta ba ya isa, tana jin amai. A gidajenmu kuwa idan Mama ta ce ta gaji, amsar a shirye take: aiki ne ya yi yawa, ko zazzaɓi ne ke son kama ta. Ita kanta za ta ce ba komai, ta tashi ta ɗora tukunya. Mai ciwon suga da ya daɗe da shi jijiyoyinsa na jin zafi kan yi rauni, don haka gumi da haki na ba gaira ba dalili sun isa hujjar fita.

Akwai kuma gargaɗin da kan zo kwanaki ko makonni kafin babban ciwon: nauyin ƙirji da ke tasowa idan mutum ya yi tafiya da sauri, ya hau bene ko ya ɗauki kaya, ya kuma lafa idan ya huta. Wannan alama ce ta jijiya ta ƙuntace. Mai irin wannan likita yake buƙata a cikin makon nan. Idan kuma nauyin ya fara zuwa yana zaune, ko ya ƙi lafawa, to a daren ne.

Olsa ta ɗauki laifin da ba nata ba

A ƙasar nan kusan duk ciwon da ke tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Da yawanmu ba likita ne ya ce muna da ita ba, mu muka yanke wa kanmu, ko mai kemis ya faɗa. Gaskiya ne ƙwannafi da gyambon ciki na iya yin kama da ciwon da ke fitowa daga zuciya, har likitoci ma ba sa rabewa da ido kawai, sai sun yi gwaji. To idan wanda ya yi shekaru yana karatun abin ba ya yanke hukunci ba tare da na'ura ba, ta yaya ni da kai za mu yanke a tsakar gida da fitilar waya?

Kada kuma sauƙin da aka ɗan samu bayan shan maganin olsa ya yaudare ka. Ciwon zuciya kan lafa ya dawo da kansa, sai a zaci maganin ne ya yi aiki. Ka riƙe wannan ma'auni: mutum ya haura shekara arba'in, ko yana da hawan jini, ko suga, ko yana shan taba, ya ce yana jin wani ciwon ƙirji ko saman ciki da bai saba ji ba, musamman da gumi ko haki, to a ɗauke shi a matsayin na zuciya har sai asibiti ya ce ba shi ba ne. Idan aka je aka ce ƙwannafi ne, an yi asarar kuɗin mota da barcin dare ɗaya. Idan aka zauna kuma ya zamo zuciya ce, ka san abin da aka rasa.

Darasi daga filin ƙwallo

Masu kallon ƙwallo sun san Iker Casillas, tsohon mai tsaron gidan Real Madrid da Sifaniya. Ranar 1 ga Mayun 2019, yana ɗan shekara 37, ciwon ya kama shi yana tsaka da atisaye da ƙungiyarsa ta Porto a Fotugal. Nan take aka garzaya da shi asibiti, likitoci suka buɗe jijiyar da ta toshe, kuma ga shi nan da ransa. Ka lura da abu biyu. Ɗan wasa ne mai motsa jiki kullum kuma bai kai arba'in ba, amma ciwon bai ƙyale shi ba. Sannan abin da ya taimake shi bayan ikon Allah shi ne waɗanda ke kusa da shi ba su ce a jira a gani ba.

Shi kuwa abin da ya sami Christian Eriksen na Denmak ranar 12 ga Yunin 2021, a wasansu da Finlan a birnin Kofanhegan, wani abu ne daban da ya kamata ka iya bambancewa. Zuciyarsa ce ta tsaya cak. A toshewar jijiya, mutum yawanci yana farke, yana magana, yana jin ciwo. A tsayawar zuciya kuwa faɗuwa yake yi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata. Na farko na iya jawo na biyu. Eriksen ya rayu saboda an fara danna masa ƙirji a filin cikin gaggawa, aka kuma yi amfani da na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki ta dawo daidai. A watan Fabrairun 2022 ya koma taka leda a Ingila. Mu ma muna da namu tarihin: Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana wasa da Angola, yana ɗan shekara 25, bai tashi ba.

Abin da za ka yi a mintunan farko

Ka duba agogo ka riƙe lokacin da ciwon ya fara, domin likita zai tambaya kuma amsar na shafar irin maganin da za a ba shi. Ka sa mutumin ya daina duk abin da yake yi, ya zauna ya jingina bayansa, a sassauta masa kaya, a rage cunkoson mutane a kansa. Kada a bar shi ya taka zuwa bakin titi idan ana iya kawo abin hawa ƙofar gida, kuma kada ya tuƙa mota ko babur da kansa, don zuciyar na iya tsayawa yana kan hanya.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ake kiranta. Ka kira. Amma duk mun san motar ɗaukar marasa lafiya ba ta kai ko'ina ba, don haka yayin da kake kira wani ya tafi ya buga ƙofar maƙwabci mai mota ko ya taso mai adaidaita. Duk wanda ya riga zuwa, shi ne.

Idan akwai asfirin a gida, babba zai iya tauna miligiram 300, a tauna kafin a haɗiye don ya yi saurin shiga jini. Aikinsa shi ne hana gudan jinin ƙara girma. Ba a ba wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko mai gyambon ciki da ke zubar da jini, ko wanda likita ya hana, ko yaro. Haka kuma idan alamun na shanyewar ɓarin jiki ne, wato baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, kada a ba shi, a wuce asibiti kai tsaye. Panadol da sauran magungunan ciwon jiki ba sa yin aikin asfirin a nan. Kuma asfirin ɗin guzurin hanya ne, ba ya maye gurbin tafiyar.

Ka nufi asibiti mafi kusa da ke da sashen gaggawa da ke aiki dare da rana, ka tafi da ledar magungunan da mutumin ke sha. Da ka isa, kada ka tsaya a layin yankar kati kana kunya. Ka faɗa wa nas ko likita a fili: ciwon ƙirji ne tun ƙarfe kaza, yana gumi, yana da hawan jini, muna tsoron zuciya ce. Gwajin farko shi ne ECG, wayoyi ne ake manna wa a ƙirji su zana aikin zuciya a takarda, ba zafi, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a yi shi cikin minti 10 da isowa. Akwai kuma gwajin jini da ke nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni. Wani lokaci gwajin farko ba ya nuna komai sai an maimaita bayan wasu awanni, don haka idan aka ce a jira kada ku ce an ɓata muku lokaci ku kama hanyar gida.

Hanya biyu ake bi a buɗe jijiyar. Ko dai a yi allurar da ke narkar da gudan jini, wadda ta fi amfani a awanni biyu zuwa uku na farko kuma amfaninta ke raguwa sosai bayan awa 12, ko a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya a buɗe wurin a saka ɗan ƙarfen da zai riƙe shi. Wuraren da ke yin na biyun ba su da yawa a Najeriya. Wannan ma dalili ne na fita da wuri, don idan sai an tura ku gaba, hanyar ma za ta ci nata lokacin.

Idan kuma mutum ya faɗi, ka kira shi ka girgiza shi bai amsa ba, ba ya numfashi ko yana wani irin jan numfashi jefi-jefi kamar shaƙuwa, to zuciyar ta tsaya. Yayyafa ruwa da fifita ba za su tashe ta ba. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a daƙiƙa. Kada ka tsaya sai an karɓe ka ko ya farfaɗo. Haƙarƙari na iya karyewa, kuma yana warkewa. Ƙwaƙwalwa kuwa cikin 'yan mintuna take fara lalacewa idan jini ya daina kai mata.

A nan ina da magana da 'yan uwana mata. Idan Hajiya ce ta faɗi a cikin gida ko a wurin biki, mazan da ke wurin za su yi cirko-cirko saboda kunya. Ceton rai ya wuce kunya, amma mu faɗi gaskiya, jinkirin zai faru. Maganinsa shi ne ke ma ki iya.

Likitocin WhatsApp

Akwai saƙon da ya daɗe yana yawo cewa idan ciwon ya kama ka kai kaɗai, ka riƙa yin tari da ƙarfi za ka tsira. Ƙungiyoyin likitocin zuciya ba su yarda da wannan a matsayin taimakon gaggawa a gida ba. Haka batun barkono, tafarnuwa, ruwan zafi, ko tsire yatsu da allura. Babu ɗayansu da ke buɗe jijiyar da ta toshe. Illarsu ita ce suna sa mutum ya ji kamar ana yin wani abu alhali lokaci na tafiya. Mu ne masu tura irin waɗannan saƙonni zuwa zauren iyali, don haka mu ne za mu daina. Idan kai kaɗai ne a ɗaki ciwon ya kama ka, kira mutum, ka buɗe ƙofa don a iya shigowa, ka zauna.

Uzurorin da ke hana mu fita

Na san abin da wani zai ce: kana ta cewa asibiti, da wane kuɗi? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce ke sa magidanci ya danne ciwo ya ce zai wuce, don ya san abin da ke aljihunsa. Amma ka sani, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Ba a ko'ina ake bin ta yadda ya kamata ba, amma wanda ya san haƙƙinsa ya fi ƙarfin magana a bakin kanta. Sannan mu duba halinmu: idan aka yi rasuwa, cikin awa biyu dangi sun haɗa kuɗin likkafani, rumfa, kujeru da abincin baƙi. Wannan zumuncin a taso shi tun mutum yana numfashi. Kira ɗaya ga yaya ko kawu, kuɗi sun shigo ta waya kafin ku isa ƙofar asibiti.

Uzuri na biyu ya fi wuya: Baba ya ce ba za shi ba. An tarbiyyantar da mu kada mu yi musu da manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai ƙin yarda ɗabi'a ce da aka sani ga masu wannan ciwo, musamman maza, don ba wanda ke son a ce ya tayar da gida a banza. Ba sai ka ɗaga murya ba. Ka durƙusa ka ce, "Baba, don Allah ka yi mini alfarma mu je a duba, in ba komai mu dawo." Ka jawo Mama cikin maganar. Ka kira wanda ba ya iya yi wa musu, yayansa ko amininsa ko limamin unguwa, ka miƙa masa wayar. Kuma ka kira abin hawa tun kafin ya amince. Faɗan da zai yi maka gobe abin so ne, don mai rai ke faɗa.

Na uku shi ne dare ya yi, hanya ba tsaro, gari da nisa. A wasu yankunanmu wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba kuma ni zan ce wa kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. Abin da zan ce shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ke da mai hawan jini ko suga ya kamata ya san tun yau wane asibiti za a nufa, wa zai kai, ta wace hanya, wa za a kira ya raka.

Na huɗu shi ne ƙaddara. Mun yi imani ba mai wuce ajalinsa. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma ba wanda ke ganin gobara ta kama ɗakinsa ya zauna ya ce ƙaddara ce bai nemi ruwa ba. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya.

Mu ma ba mu tsira ba

Kada ka karanta wannan ka ɗauka na iyaye ne kawai. Kitsen da ke toshe jijiya a shekara hamsin tun ana ashirin yake fara taruwa. Sigari na lalata bangon jijiyoyi, shisha ma haka, ruwan da hayaƙin ke bi ta ciki ba ya tace gubar. Ga zaman wuri ɗaya da waya, ga lemon kwalba, ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano da muke zubawa ba lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya ke nan, ya kuma samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Hukumar ta kuma ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, saboda yawanci ba ya ciwo. Idan mahaifi ko ɗan'uwanka ya taɓa samun ciwon zuciya da ƙuruciya, kai ma haɗarinka ya ƙaru, ka faɗa wa likita.

Akwai aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Gwamnatocin jihohi su tabbatar kowane babban asibitin ƙaramar hukuma na da na'urar ECG mai aiki da wanda ya iya karanta ta da dare. Masu kemis su ɗauki ƙa'idar cewa duk wanda ya zo sayen maganin olsa don ciwon ƙirji da gumi, a tura shi asibiti. Ƙungiyoyin 'yan agaji na masallatai da coci-coci, da ƙungiyoyin ɗalibai, su gayyato Red Cross ko ma'aikatan lafiya su koyar da danna ƙirji, abin da ba ya ɗaukar yini guda. Gidajen rediyo kuma su daina jiran ranar 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya, kafin su tuna da batun. Masu shirya fim ma suna da rawar takawa: sau ɗaya dai a nuna Alhaji ya dafe ƙirji, 'yarsa ta duba agogo, ta kira mota, ya rayu.

Kafin su yi nasu, ga naka na wannan mako. Ka raka Baba da Mama a auna musu hawan jini da suga, kai ma ka miƙa hannunka. Ka tambaya a unguwa wane asibiti ne mafi kusa da ke karɓar marasa lafiya da tsakar dare kuma yake da ECG. Ka ajiye lambar mutum biyu masu abin hawa da za su ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Sannan yau bayan cin abincin dare ka karanta wa mutanen gida alamomin nan da bakinka, har da ƙannenka, don ranar da abin zai faru wataƙila kana makaranta, su ne a gida.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ja da ran iyayenmu.